A Maido Mini Da Ƙugiyata Kafin Layya

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Fiɗa ta Rumfar Tsamiya, Alhaji Bukar, wanda ni Ya Bukar na saba ce masa, da dattawa huɗu da suka dangwala hannu a takardar da aka liƙa a ginshiƙin rumfa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wushe, sannu, Ya Bukar. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayansa, ina fatan ka tashi lafiya, kai da Hajiya da yara, da fatan gwiwar nan ta bar ka kana sallah a tsaye. Ina gaida dattawan rumfa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda yanzu in sun hango ni daga nesa sai su tuna akwai abin da suka manta a ɗaya layin.

Ni ne Garba, mai ƙugiya ta uku daga dama in an shigo rumfa, mazaunin Umarari. Kai ba sai an gaya maka ba. Amma tunda wasiƙar a buɗe take, za ta faɗa hannun wanda bai san mu ba, bari in yi masa bayani a taƙaice. Rumfarmu tana can bayan Kasuwar Shanu, aikinmu feɗe awaki da tumaki da raguna. Kowane mai fiɗa yana da ƙugiyar da yake rataya dabba, wanda kuwa ba shi da ƙugiya ba shi da aiki, komai kaifin wuƙarsa. Tawa ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina tsayawa a ƙarƙashinta. Yau wata biyu da kwana shida da kuka hana ni ita, kuma takardarku ta ce ranar jajibirin Babbar Sallah za a ba wani. Saura mako uku. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Na so a yi maganar nan a zaure. Sau biyu na zo gidanka, sau biyu aka ce ka fita, alhali takalmanka na bakin ƙofa, ni kuwa na san takalman nan tun suna sababbi. A taro kuma, tun da bakina ya karkace magana ba ta fito mini da sauri, kafin in kai ƙarshen zance wani ya ƙarasa mini shi da abin da ban nufa ba. Takarda ba a katse ta. Saboda haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙasa.

Ka san yadda muke aiki, don baƙo zan faɗa. Bayan an yanka dabba, sai a ɗan tsaga fata a ƙafar baya, a zura tsinke a buɗe hanya, sannan mutum ya kafa bakinsa a wurin ya yi ta hurawa har dabbar ta kumbura tim, ana bubbuga ta da tafin hannu iskar na ratsawa. Iskar nan ita ke raba fata da nama. In an hura da kyau, da dunƙulen hannu ake tuɓe fatar kamar riga, wuƙa ba ta taɓa ta sai a wuya da ƙafafu. A wannan fanni ban taɓa sunkuyar da kai ga kowa a Maiduguri ba, in alfahari ne na yi. Numfashi uku nake tayar da rago, biyar in irin manyan balamin nan ne. Majema daga Gamboru sukan tsaya jiran fatata ko da wasu sun riga ni gamawa, domin sun san in sun ɗaga ta a rana ba za su ga ko hudar allura ba. Malamai nawa ne a garin nan ke sallah a kan buzun da ya fito daga hannuna? Kai da kanka, da Hajiya ta haifi ɗan fari, ni ka kira na feɗe ragon suna, ka ce ba ka yarda da hannun kowa ba har da naka.

A daminar bara, wata Talata da hantsi, wani mutum ya kawo akuya a ɗaure. Ya ce kwana biyu ke nan tana zagaya wuri ɗaya, kanta a karkace, kunne ɗaya a sake, yawu na zuba, gara a yanka kafin ta mutu a yi asara. Irin wannan mun sha gani, mukan ce hajijiya ce ta kama ta. Aka yanka, na kafa baki na hura kamar yadda na saba. Ranar kuwa leɓena a fashe yake, ga wani haƙori da ya kwana bakwai yana yi mini jini. Na kurkure baki da ruwan buta, na jefa goro, na jawo dabba ta gaba.

Kamar mako biyu da haka zazzaɓi ya kama ni. Na ce sauro ne, ai damina ce. Na sha magani daga kemis, bai ji ba. Aka ce taifot ne, na sha na taifot. Kai kuwa kamar ana sara shi da gatari daga ciki, ko hasken taga ba na son gani. A kwana na huɗu wuyana ya ƙi lanƙwasuwa, sallah ma sai da ido. Matata Falmata ta ce ko kwanciya na yi ba daidai ba. Babu wanda ya kawo sanƙarau a ransa, kuma ban ga laifin kowa ba. Abin da muka sani tun muna yara shi ne sanƙarau ciwon bazara ne, lokacin da zafi ke hana zama a ɗaki, kuma yara da matasa yake ɗiba, gida-gida, unguwa-unguwa. Wa zai ce sanƙarau ga dattijo ɗan shekara hamsin da shida, ruwan sama na zuba, babu mai irinsa ko ɗaya a duk layinmu?

Wadda ta ce ita ce maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, mutumiyar kudancin Borno, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Ta shigo da safe aron rariya, ta ji ina sambatu ina kiran mahaifina da ya daɗe a ƙasa. Ta sa hannu a ƙeyata ta gwada ɗaga kaina, sai kafaɗuna suka taso tare da shi kamar katako. Ba ta ƙara bi ta kan rariya ba. Ta ce wa Falmata, "Maman Aisa, ɗauko mayafinki, wannan ba na kemis ba ne." Falmata ta ce ai an ce iska ce ta taɓa shi, har an tafi karɓo rubutu. Ta ce, "Rubutun ya same mu a asibiti, ba a hana shi shiga."

A nan zan faɗi abin da ba zan manta ba ko gobe ka ba wani ƙugiyata. Kai aka fara kira, Ya Bukar. Ka bar aiki a rataye, ka zo da jini a rigarka, ka ɗauke ni cak da gwiwar nan taka, ka sa ni a napep, ka riƙe kaina a cinyarka har asibiti. Ni ban san an yi ba. Falmata ce ke ba ni labari, kuma har yau ba ta iya kai shi ƙarshe ba tare da ta share ido ba. Na gode. Allah ne kaɗai zai biya ka.

A asibiti suka ɗebi ruwa daga gadon bayana da allura, suka ce sanƙarau ne, suka fara allurar da aka saba yi masa. Kwana biyu jiki bai motsa ba, sai ma ɓarin fuskata na hagu da ya saki. Da sakamakon ɗakin gwaji ya fito, likitan ya kira Falmata, kai ma kana tsaye a wurin. Ya ce ƙwayar da suka gani ba irin ta bazara ba ce. Wata ce da ba kasafai suke ganinta ba, sunanta listeriya. Tana zama a ƙasa da ruɓaɓɓen abincin dabbobi, a jikin awaki da tumaki, da kuma ɗanyar madara, kuma ta fi samun ƙofa a jikin wanda ya manyanta, ko mai ciwon suga, ko mace mai ciki. Ni kuwa na haɗa biyu, shekaru da suga. Ya ce allurar farko ba ta kashe ta, dole a canza. Sannan ya tambayi sana'ata, aka ce fiɗa. Ya ce yaya ake yi? Kai ne ka nuna masa, ka dunƙule hannu ka kafa baki ka hura. Falmata ta ce likitan ajiye bironsa ya yi, ya ce ta nan ƙwayar na iya shiga jikin mutum.

Aka canza allura. A kwana na tara na buɗe ido na gane Falmata, kuma abin da na fara tambayarta shi ne wa ke riƙe da ƙugiyata. Ta ce a nan ta san mijinta ya dawo, da halinsa da komai. Kwana ashirin da ɗaya ana zuba mini magani ta jijiya. Na fito da ƙafata, likitan yana ce mini ba kowane mai irin wannan ke fita ta ƙofar da na fita ba. Abin da ciwon ya tafi da shi shi ne ɓarin bakina na hagu. Ba ya rufuwa sosai. In na sha kunu sai na tare da hannu, in na hura iska sai ta gudu ta gefe. Wasu a unguwa sun ce aljani ne ya mare ni, na ce to aljanin an gan shi a madubin likita, har an san allurarsa. Ba na ɓoye bakin nan, ba na naɗe shi da rawani. Na yi kokawa da abin da ya fi ni ƙarfi, Allah ya tsaya mini, ga tabon nan ina yawo da shi kaina a sama.

Wata biyar ina gida. Da ƙarfi ya fara dawowa sai na zauna na yi wa kaina hisabi. Bakin hura ya tafi, amma hannun yana nan, idon ma yana nan. Na shiga Gamboru na sayi sabon famfon keke, wanda bai taɓa ganin taya ba, na sa masa siririn tiyo da ake cirewa a wanke da ruwan zafi. Na yi ta gwaji a tsakar gida da awakin maƙwabta, na suna da na sadaka, har goma sha ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, biyun farko na ɓata. Na cika musu iska har ta shiga nama ya yi kumfa, na sha kunya gaban masu su. Daga baya na gane famfo ba ya son gaggawa, ana yi ana tsayawa, ana taɓa cikin dabbar ana jin inda iska ta kai. Daga ta uku zuwa ta goma sha ɗaya fata ta fito tsaf, irin wadda kuka san ni da ita.

Wata Litinin na dawo rumfa da famfona a kafaɗa. An yi dariya, ban damu ba, ni ma da a da ne na ga wani da shi, da ni zan fara. Har wani ya ce in na gama in duba masa tayar baya. Na yi kwana uku ina aikina. A rana ta uku, lokacin abincin rana, na gaya wa 'yan'uwa abin da likita ya ce. Na ce duk dabbar da aka kawo tana zagaye ko kanta a karkace kada kowa ya sa mata baki, kuma mai miki a baki ko mai suga ya ari famfona, ba haya ba komai. Iyakar abin da na faɗa ke nan, mutum sama da ashirin sun ji. Ranar Alhamis bayan la'asar kuka yi taro ba ni. Juma'a da safe na tarar da takarda a ginshiƙi da laifuffuka uku. Zan bi su yadda kuka jera su.

Na ɗaya, kun ce ina ɗauke da ciwo mai yaɗuwa, kada a haɗa kwano ko buta da ni.

Ya Bukar, wannan layin in sauran dattawa sun rubuta shi bisa rashin sani, kai fa? Kana tsaye likita ya ce wannan irin ba ya tashi daga mutum ya kama mutum ta numfashi ko ta kwano. Falmata ta yi jinyata da hannunta, tana share mini yawu, ko atishawa ba ta yi ba. Jikokina biyu a kan tabarmata suke wuni. Kai kanka kaina a cinyarka yake lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa, ga ka nan garau sai gwiwa, ita kuwa ba ni na ba ka ba. Na kawo takardar sallama daga asibiti, magatakardanku ya riƙe ta da yatsa biyu ta gefe kamar ya ɗauko mataccen ɓera, bai ko buɗe ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne abinci. Shekara talatin da ɗaya muna ci a faranti ɗaya. Ranar Juma'ar nan aka ɗaure mini nawa a leda aka ajiye a kan katanga. Na ci, don abinci bai yi mini laifi ba.

Na biyu, kun ce ina ɓata sunan sana'a, ina sa mutane tsoron nama.

A gaban wa na ɓata? Maganar da na yi a cikin rumfa na yi ta, tsakanin mu ya mu. Ban je rediyo ba, ban tare mai saye a hanya ba. Wanda ya kai maganar waje shi ne wanda ya liƙa takarda a inda duk mai kawo dabba zai karanta. Kuma duk mai karanta wannan wasiƙa ya ji daga bakina: likita ya ce wuta na kashe ƙwayar nan, naman da ya dahu sosai babu abin tsoro a cikinsa. Ni yau da naman rumfar nan aka yi miyar gidana. Haɗarin yana kanmu ne, mu da muke kafa baki a ɗanyen jiki tun bai ga wuta ba. Ni in ɓata fiɗa? Fiɗa ce ta yi mini aure, ita ta kai mahaifina Makka, ita ta kai 'yata Aisa har kwalejin koyon malanta. Babu sana'ar da nake kishi kamarta. In ma ana neman abin da ke rage mana daraja, ka taɓa duban fuskar matan da ke kawo ragon suna lokacin da ɗayanmu ya kafa baki da jan goro a naman da za su dafa wa baƙi? Ni na duba, tun kafin in yi ciwo, na dai kau da kai ne.

Akwai wata gaskiya da zan faɗa ko da za ku riƙe ta ku doke ni da ita. Likita bai rantse cewa akuyar nan ce ba. Ya tambayi Falmata ko ina shan ɗanyar madara, ta ce kullum safiya, daga ƙwaryar matan Shuwa, ba tafasawa. Ya ce ita ma tana iya zama hanyar. Ƙofa biyu ya nuna mini, na rufe duka biyun, yanzu ko madara sai ta tafasa. Ku kuma so kuke in ce ɗayar ba ƙofa ba ce saboda ta gidanmu ce. Ba zan ce ba.

Na uku, kun ce na shigo da baƙon kayan aiki, na watsar da gadon iyaye.

Wannan zan daɗe a kansa, domin akwai abin da ba ku rubuta ba amma ana faɗa, kuma an ce daga bakinka ya fara fita. Wai Garba ya kasa hurawa, shi ya sa yake so kowa ya daina. Rabin maganar gaskiya ce, na kasa hurawa, ko kyandir ba na kashewa sai da hannu. Amma ka san ni tun ina wanke wa mahaifina hanji. Yaushe na taɓa yi wa wani baƙin cikin abin da ya iya? Da hassada ce, shiru zan yi, in ja famfona in bar kowa da bakinsa. Na yi magana ne domin na ga inda hanyar ta kai ni, kuma ba na son in je gaida wani daga cikinku a gadon da na kwanta.

Batun gado kuwa, ni ɗan gado ne gaba da baya, ba shigowa na yi ba. A gabana mahaifina yake rataya dabba da igiya a reshen tsamiyar nan. Da aka kawo ƙugiyar ƙarfe, maigidanka Ba Kyari, Allah ya jiƙansa, ya rantse ba zai rataya nama a ƙarfe ba, wai yana canza ɗanɗano. Wata uku ya riƙe rantsuwar, ka sani, na sani, daga baya shi ya zaɓi ƙugiya ta ɗaya ya yi kaffara. Yau ƙarfen nan shi kuke kira gado har kuna ƙwace shi. Abin da iyayenmu suka bar mana fata ce marar huda da nama mai tsabta da amanar mai dabba. Ban ji inda suka ce yawu na cikin wasiyya ba.

Na ji kuma ana cewa da famfo ake kumbura nama a cuci mai saye. To a hukunta macucin. Da baki ma ana yi, kuma ni da kai mun san masu yi, sunayensu ba su taɓa hawa ginshiƙi ba. An ce warin mai zai shiga nama. Famfon yana gidana, duk mai hanci ya zo ya shinshina.

Ka duba abin da ke tafe. Ranar Sallah da washegari kowane mutum a rumfar nan zai hura raguna har sai ya daina ƙirgawa. Kafin azahar leɓe ya tsage, ana hurawa ana tofar da jini, kuma ba kowace dabba ake tsayawa a tambayi yadda ta kwana ba. Rabinmu mun haura hamsin. Masu suga a cikinmu na san biyar, ba zan kira suna ba, amma ɗaya daga cikinsu tare muke bin layin awo, kuma yana ɓoye alewa a aljihun gaba. Shi wannan bawan Allah numfashi tara yake tayar da rago yanzu, in ya gama sai ya zauna a turmi yana cewa yana duba aikin mutane ne. Ina ƙaunarsa, shi ya sa nake faɗa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, ban kuma zo da shi a durƙushe ba.

A cire takardar nan daga ginshiƙi, kuma a bakin da aka ce ina yaɗa ciwo a ce an yi kuskure. Sannan ƙungiya ta sa doka, ko da ba za a karɓi famfo ba, cewa dabbar da ke zagaye ko ta karkace kai ba a sa mata baki, a kira malamin dabbobi ya duba ta tukuna. Wannan ba don Garba ba ne, ko kun kore ni ku yi shi.

Batun ƙugiya kuwa ba alfarma nake nema ba, gwaji nake nema. Asabar mai zuwa da hantsi zan kawo raguna biyu masu girma ɗaya. Ka zaɓi wanda ya fi kowa baki a rumfa ya ɗauki ɗaya, in ɗauki ɗaya da famfona. Ka kira majemin da ka ga dama, kada a gaya masa wacce ce ta wa, ya ɗaga fatun a rana a gaban kowa, ya shinshina naman. In ya sami huda a tawa, ko ya ce ɗayar ta fi, zan miƙa maka wuƙata da kubenta a nan take, ka ba wanda ka so ƙugiyar, ba za ka ƙara jin bakina ba. In kuwa tawa ta fito yadda na san za ta fito, a maido mini da ƙugiyata kafin jajibiri. Ba sai kowa ya ba ni haƙuri ba, a dai matsa mini wuri a faranti. In kun rufe mini rumfa ranar, a bakin hanya zan yi, don hanya ba ta ƙungiya ba ce.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka. Allah ya tsare bakinka da na duk wanda ke rumfar nan daga abin da ya sami nawa. Allah kada ya zaunar da Hajiya ko matar wani daga cikinku a bencin asibiti tana jiran a ce ya farfaɗo. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya nuna mana Sallah lafiya.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini wuyar rubutawa. Famfo yana da aibi guda da ban gaya wa kowa ba. Baki mutum ɗaya ya ishe shi, famfo kuwa mutum biyu yake so, ɗaya na bugawa, ɗaya ya damƙe tiyo a ƙafar rago kada iska ta gudu. Kwana ukun da na yi a rumfa da igiya na ɗaure, ina ta fama ban bari kun gani ba. A gida Falmata ce ke riƙe mini, ba kuwa zan kawo matata tsakiyar maza a bakin mayanka ba. Tun da aka liƙa takarda babu wanda zai yarda a gan shi kusa da ni, sai in wanda ya sa aka liƙa ta ne ya fara. Ranar Asabar zan kwantar da ragon, in zura tiyo, in tsaya. Ba zan buga ba sai ka zo ka riƙe mini, Ya Bukar.

Wassalam.

Ƙaninka,
Garba mai fiɗa,
Umarari, Maiduguri.